Katin Cikin Waya: Abin da Ya Kamata a Sani Kafin a Fara Tarawa

Wannan shiri na masu sauraro ne na Madawa da Buza da Keita, da na garuruwan da ke kwarin Tarka da na Magiya, da waɗanda ke kan duwatsun Adar. Shirin faɗakarwa na yau ya shafi wani nau'in wasa da ake yi a wayar hannu ta hanyar intanet, wato wasan katunan tarawa, wanda mai yinsa yake tara katuna sannu a hankali, ya zaɓi wasu daga cikinsu, sannan ya kara da wani mutum da ke wani gari ko wata ƙasa. Za a fara da bayanin wasan da asalinsa, a bi da yadda ake buga shi, sannan a tsaya sosai a kan maganar kuɗi, domin a nan ne mafi yawan masu farawa suke tuntuɓe. Bayan haka za a duba halin da mai waya yake ciki a wannan yanki, da abin da ya rataya a wuyan iyaye. Magana ɗaya za ta riƙa dawowa a tsawon shirin, kuma ana so a riƙe ta tun yanzu: wasan yana wasa ƙwaƙwalwa, amma katin da ke cikin waya ba dukiya ba ne.

Masu sauraro, ga kashi na farko, wato mene ne wannan wasa.

Karta ba baƙuwa ba ce a ƙasar Adar, domin duk wanda ya wuce ta gefen wata fada bayan sallar isha'i, inda samari ke zaune a tabarma ana dafa shayi, ya sha ganin ana raba ta. Kartar da aka saba da ita guda 52 ce idan ta cika, kowa ya san abin da ke cikinta, kuma wadda aka saya a kasuwar Madawa daidai take da wadda aka saya a Tawa. Haka ma dara, wadda dattawa ke haƙa wa ramuka 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa ya riƙe 'ya'ya 12, su biyun su fara da ƙarfi ɗaya, babu abin da zai raba su sai dabara. Wasan katunan tarawa ya saɓa wa waɗannan biyu ta fuska guda mai muhimmanci, domin katunansa suna kai ɗaruruwa ko dubbai, kamfanin da ya ƙirƙire shi yana ƙara sababbi a kai a kai, kuma babu wanda yake farawa da su duka. Kowa da abin da ya tara yake zuwa fage. Daga cikin abin da ya tara ɗin ne yake zaɓen adadin da doka ta ƙayyade, ya haɗa su wuri guda, kuma wannan zaɓaɓɓen ƙunshi shi za a riƙa kira dami a cikin shirin nan.

Asalin wasan a takarda yake. A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka mai suna Richard Garfield ya fito da wasan Magic: The Gathering ta hannun kamfanin Wizards of the Coast, kuma shi ne aka ɗauka a matsayin wasan farko da ya haɗa tara kati da karawa da shi. A Japan katunan Pokémon suka biyo baya a 1996, kamfanin Konami kuma ya fitar da na Yu-Gi-Oh! a 1999. Sha'awar tarawa ita kanta ta girmi waɗannan duka, tun da kamfanin Panini na Italiya ya fara sayar da hotunan 'yan ƙwallon gasar cin kofin duniya a rufe cikin 'yan fakitoci tun gasar 1970 da aka yi a Meziko. Da intanet ta yaɗu sai katin ya bar takarda ya koma allon kwamfuta, daga baya ya shiga waya. Magic Online ya fito a 2002, Hearthstone na kamfanin Blizzard a 2014, Yu-Gi-Oh! Master Duel da Marvel Snap a 2022, sai Pokémon TCG Pocket a watan Oktoba na 2024. Saurayin da ya ce bai taɓa jin ko ɗaya daga cikin waɗannan sunaye ba, amma yana buga wasan ƙwallo a waya, ya riga ya san tsarin, domin tun 2009 da kamfanin EA ya shigar da sashen Ultimate Team cikin wasan FIFA, 'yan wasa suka zama katuna da ake buɗewa daga fakiti ana haɗa ƙungiya da su.

Kashi na biyu, masu sauraro, shi ne yadda ake buga shi, da inda daɗinsa yake.

Galibi kati yana ɗauke da hoto, da farashin da za a biya kafin a ajiye shi a fage, da ƙarfin dukansa, da ƙarfin jurewarsa, da ɗan rubutu da ke bayyana aikin da yake yi na musamman. Farashin nan ba kuɗi ba ne, wani kuzari ne da wasan yake ba kowane ɗan wasa kyauta a kowane zagaye. A Hearthstone, alal misali, dami kati 30 ne, kowane ɗan wasa yana farawa da rai 30, kuzarinsa kuma yana tashi daga ɗaya a zagayen farko, ya riƙa ƙaruwa da ɗaya-ɗaya har ya tsaya a goma. A Magic dami ba ya kasa kati 60 a ɗaya daga cikin manyan tsare-tsarensa, rai kuma 20 ne. A Pokémon TCG Pocket kati 20 ne, a Marvel Snap kuwa 12 ne kacal, ana gama karawa cikin zagaye shida, abin da ba ya wuce 'yan mintoci. Wanda ya ƙarar da ran abokin karawarsa, ko ya riga shi cika sharaɗin da wasan ya gindaya, shi ya ci.

A nan ne lissafi yake shigowa. A ɗauki misalin sabon ɗan wasa da ya ga manyan katuna masu ƙarfi suka burge shi, ya cika daminsa da masu farashi bakwai da takwas. A zagaye shida na farko zai zauna da katuna cike da hannu ba tare da ya iya ajiye ko ɗaya ba, abokin karawarsa kuwa, wanda ya haɗa ƙanana da matsakaita da 'yan manya kaɗan, yana ta sarar ransa, kafin manyan katunan su sami damar sauka an riga an gama da shi. Wannan darasi kowane mai wasa yana koyonsa da wuri, kuma daga shi sauran suke tsirowa: ya riƙa ƙirga abin da abokin karawa ya riga ya yi amfani da shi, ya kintaci abin da ya rage a hannunsa, ya san lokacin da zai ɓoye kati mai kyau har sai ranarsa ta zo. Wanda ya iya dara ba zai sha wahalar fahimtar wannan ba. Akwai kuma wata riba ta gefe, domin waɗannan wasanni suna zuwa da Faransanci ko Ingilishi, kuma wanda bai karanta rubutun katin da kyau ba zai faɗi, saboda haka ɗalibin kwaleji da ke bugawa da natsuwa yana tilasta wa kansa karatu mai lura. Wannan gaskiya ce da bai kamata a ɓoye ta ba don kawai ana son yin gargaɗi. Wasan yana da hikima, kuma masu son sa ba wawaye ba ne.

Yanzu shirin ya iso kashi na uku, wanda ya fi sauran nauyi, wato maganar fakiti da kuɗi. A gyara zama.

Kusan duk waɗannan wasanni kyauta ake sauke su, kuma kamfanonin da suka yi su suna biyan albashin ɗaruruwan ma'aikata, saboda haka dole mai hankali ya tambayi inda kuɗin yake fitowa. Yana fitowa ne daga fakiti. Fakiti wani rufaffen ƙunshi ne mai 'yan katuna, sau da yawa biyar, wanda mai wasa ba ya sanin abin da ke ciki sai ya buɗe. Ana ba da wasu kyauta ga wanda ya yi haƙuri, kamar yadda Pokémon TCG Pocket yake ba da biyu a kowace rana, sauran kuma da kuɗi ake saye. Katunan an kasa su daraja-daraja, akwai na gama-gari da ke fitowa kullum, akwai masu ƙaranci, akwai waɗanda ganinsu sai an tona, kuma kamfanin ne da kansa yake tsara yawan fitowar kowanne. Manomin albasa na kwarin Tarka ba zai yarda ya biya kuɗin ɗinkakken buhu ba tare da ya kwance bakinsa ya ga ko jar albasa ce mai kyau ko ruɓaɓɓiya ba, to mai sayen fakiti irin wannan ciniki yake yi, da bambancin cewa mai sayarwa ya riga ya san buhu nawa ne cikin ɗari ya zuba wa mai kyau.

Ga lissafin da ya kamata kowane mai farawa ya ji da kunnensa. A ƙaddara cewa katin da ake nema yana fitowa sau ɗaya cikin ɗari. Mutane da yawa suna zaton wanda ya buɗe fakiti ɗari dole ya same shi, alhali ba haka abin yake ba, domin kowace buɗewa sabuwa ce, ba ta tuna waɗanda suka gabace ta. Idan mutum ɗari suka buɗe fakiti hamsin-hamsin, kimanin sittin daga cikinsu za su tashi hannu wofi. Idan suka kai ɗari-ɗari, har yanzu kimanin 37 ba za su ga katin ba. A maimaita: fakiti ɗari, kuma fiye da mutum ɗaya cikin uku bai samu ba. Idan aka ƙaddara kuma cewa kowane fakiti dala ɗari ne, wato sefa 500, to jaka hamsin ke nan ta tafi, kuɗin da a gida zai sayi hatsi, ya biya magani, ko ya zuba man injin ban-ruwa. Wasu kamfanoni suna sa iyaka, wato su tabbatar wa mai saye babban kati bayan adadi kaza na fakitoci, sai dai wannan tabbaci shi kansa wata igiya ce, domin wanda ya ga ya kusa kai wa iyakar da wuya ya tsaya.

Akwai wasu dabaru da ya kamata a gane su da ido. Na farko, ba a rubuta farashin fakiti da sefa, ana sa mai wasa ya fara sayen wasu duwatsu ko zinariya na cikin wasan, sannan ya sayi fakiti da su, ta yadda bayan kwana biyu ya manta ainihin abin da ya fita daga aljihunsa. Asalin farashin da dalar Amurka ko yuro ake yanka shi, kuma yuro ɗaya sefa 656 ne idan aka cike, saboda haka abin da yaron Faransa yake gani yuro goma a nan ya haura jaka shida da rabi. Akwai kuma garaɓasa mai agogo, wadda ake nuna wa mai wasa cewa saura awa kaza ta wuce, don a hana shi kwana da shawara. Akwai kyautar kullum, wadda ke katsewa idan an tsallake rana ɗaya, don wasan ya zama wajibi. Hatta walƙiya da kiɗan da ke tashi lokacin buɗe fakiti an tsara su ne don zuciya ta so a sake.

Wannan ne ya sa hukumomi a ƙasashe da dama suka shiga maganar. Ƙasar Sin ta wajabta wa kamfanoni bayyana yawan fitowar kowane irin kaya tun 2017, kamfanin Apple ya sa irin wannan sharaɗi a ƙarshen shekarar, Google kuma ya bi sahu a 2019, shi ya sa yau a cikin yawancin halastattun wasanni akwai shafin da ke nuna waɗannan alƙaluma, ko da yake akan ɓoye shi a wani lungu. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke cewa rufaffun akwatunan da ake saye da kuɗi a wasu wasanni caca ne, kuma a farkon 2019 kamfanin EA ya daina sayar da makin sayen fakiti na FIFA a ƙasar. Ga mai sauraro Musulmi tambayar ta fi kusa da gida, domin Alƙur'ani ya ambaci caca cikin abubuwan da aka hana a suratul Ma'ida, malaman fiƙihu kuma sun daɗe suna magana a kan garari, wato cinikin abin da ba a san haƙiƙarsa ba, irin sayar da kifi yana cikin ruwa. A 2001 hukumar fatawa ta Saudiyya ta haramta wasan Pokémon da katunansa, kuma kamanninsa da caca na cikin dalilan da ta bayar. Shirin rediyo ba wurin ba da fatawa ba ne, amma ya dace wanda zai je wurin malaminsa ya kai tambayar a rarrabe, domin buga wasa da katunan kyauta ba tare da an zuba komai ba abu ɗaya ne, biyan kuɗi don rufaffen fakiti wani abu ne dabam, sa kuɗi a tsakani don wanda ya ci ya kwashe kuwa wannan kowa ya san sunansa.

Masu sauraro, kashi na huɗu yana amsa tambaya ɗaya: katin na wane ne?

Katin takarda na wanda ya saye shi ne, yana iya ajiye shi a akwati shekara talatin, ya sayar, ko ya bar wa 'ya'yansa. Labaran da ake yaɗawa na katin da ya yi tsadar ban mamaki galibi na takarda ne, kamar katin Pikachu Illustrator da ɗan Amurkan nan Logan Paul ya mallaka a 2021 a kan fiye da dalar Amurka miliyan biyar. Katin cikin waya kuwa rubutu ne a manyan kwamfutocin kamfani, kuma yarjejeniyar da mai wasa yake danna amincewa da ita ba tare da ya karanta ba tana cewa izinin amfani kawai aka ba shi. A Hearthstone da Magic Arena, wato wani bugun Magic na intanet, babu ma hanyar da ɗan wasa zai miƙa wa wani katinsa, abin da ya yi yawa sai dai wasan ya musanya masa da wani abin cikin wasan. Pokémon TCG Pocket ya buɗe musaya a farkon 2025, amma da sharuɗɗa masu tsauri, kuma ba da kuɗi ba.

Tarihi na kusa ya nuna abin da wannan yake nufi. A watan Janairu na 2023 yarjejeniya ta ƙare tsakanin Blizzard da kamfanin NetEase da ke tafiyar da wasanninsa a ƙasar Sin, aka rufe Hearthstone a can, 'yan wasan da suka shafe shekaru suna tarawa suka wayi gari ba su iya shiga, sai a watan Satumba na 2024 wasan ya dawo. A Janairun 2025 Marvel Snap ya ɗauke na ɗan lokaci a Amurka, ba don laifin wani ɗan wasa ba, sai don kamfanin da ke rarraba shi a lokacin yana ƙarƙashin masu TikTok, dokar da ta shafi TikTok ta haɗa da shi. Kamfanin Valve ya fitar da wasan kati mai suna Artifact a 2018, mutane suka sayi katuna, a 2021 ya sanar cewa ya daina ci gaba da aikinsa. Ko wasan bai mutu ba, katin yana tsufa, domin a tsarin gasa na Hearthstone da na Magic ana fitar da tsofaffin katuna lokaci-lokaci don a ba sababbi wuri, a Ultimate Team na kwamfuta da na'urar wasa kuwa duk fitowar sabon bugu a shekara daga tushe ake sake tarawa. Katin da ke cikin waya ba dukiya ba ne. A sake ji: ba dukiya ba ne.

Dole a haɗa wannan da abin da ya faru a 2024, lokacin da matasa da yawa a ƙasar Hausa, musamman a arewacin Najeriya, suka duƙufa a kan Hamster Kombat a manhajar Telegram, suna danna allo dare da rana, suna neman haɗin katunan kowace rana, da fatan za a biya su da kuɗin intanet. Da aka raba kuɗin a ƙarshen watan Satumba na shekarar, mafi yawansu suka tarar abin da ya fito bai taka kara ya karya ba. Wancan ba wasan kati ba ne na haƙiƙa, tun da babu karawa ko dabara a cikinsa, amma ya bar wata fahimta mai haɗari, cewa duk katin da aka tara a waya wata rana zai fashe ya zama kuɗi. Wanda ya shiga wasan katunan tarawa da wannan niyya ya shiga ta ƙofar da ba ita ba. Masu tallar asusu cike da manyan katuna a Facebook da WhatsApp su ma a yi hattara da su, domin dokokin kamfanonin sun hana sayar da asusu, suna iya rufe shi idan sun gane, kuma mai sayarwa yana iya karɓe abinsa ta imel ɗin da ya fara buɗe shi da ita bayan ya karɓi kuɗi.

Kashi na biyar ya dawo gida, ga waya da rezo da caji.

Wayoyi da yawa a Buza da Keita da Tamaske tsarabar masu zuwa biɗa ne, waɗanda suka dawo daga Abijan ko Legas ko Libiya, kuma sau da yawa waya ɗaya ce take yi wa gida duka aiki: da ita ake jin muryar wanda ke tafiya, da ita ake samun labarin kuɗin da aka turo ta NITA ko Amana, da ita ake tambayar farashin albasa a Galmi. Manyan wasannin kati suna cin wuri mai yawa, wasu suna haura gigabait, kuma duk fitowar sababbin katuna sai an sake sauke ƙari, saboda haka kafin a sauke ya kamata a duba girman wasan da sararin da ya rage, a kuma lissafa data, wadda a nan aka fi sani da forfe. Karawar kanta ba ta cin data da yawa, saukewa da sabuntawa su ne masu cinye ta. Rezo kuma, ko na Airtel ne ko Moov ko Zamani ko Niger Telecom, yana da wuraren da yake rauni a tsakanin duwatsu, kuma tun da kowane zagaye yana da ƙayyadadden lokaci, wanda rezo ya yanke masa a tsakiyar karawa yakan faɗi ko da shi ke kan gaba. Ga mai irin wannan matsala gajerun wasanni sun fi dacewa. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi yake haura digiri 40, wasa da waya tana jone a caji yana iya dafa batir har ya kumbura, kuma wanda yake biyan mai caji a bakin kasuwa ya san cewa kowace awa ta wasa tana da farashinta.

Hanyar biyan kuɗi ita ma tana da tarko. Shagon manhajoji yakan nemi katin banki, abin da yawancin matasan karkara ba su da shi, sai su koma ga dillalai da ke karɓar kuɗi ta waya su yi alkawarin zuba duwatsu a asusu. Duk dillalin da ya nemi kalmar sirri, ko lambar tabbatarwa da ke shigowa ta saƙo, asusun yake nema. Kada a bayar. Haka nan manhajar da aka turo ta Bluetooth ko Xender da sunan an buɗe mata katuna kyauta, sau da yawa tana ɗauke da abin satar bayanai, kuma a waya guda take zaune da asusun kuɗin gida.

Iyaye maza da iyaye mata, wannan gaɓa taku ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2019 da sanya larurar wasan waya da kwamfuta cikin kundinta na cututtuka, wanda ya fara aiki a 2022, ta kuma bayyana alamominta uku: mutum ya kasa iko da lokacin da yake wasa, ya fifita wasan a kan sauran al'amuran rayuwarsa, ya kuma ci gaba duk da yana ganin cutarwar, galibi na tsawon shekara guda. Hukumar ta nuna cewa kaɗan ne daga cikin masu wasa abin yake kai su nan, saboda haka ganin yaro da kati a allo ba dalilin ƙwace waya da duka ba ne. Abin dubawa shi ne sallar asuba, da makarantar allo da ta boko, da fita gona da damina, da ban-ruwan albasa da rani, da kuma canjin aike da ya fara ɓacewa. Uban da ya zauna kusa da ɗansa ya ce, yaro, nuna mini yadda ake yin wannan abu, zai gane cikin mintoci kaɗan ko ɗan nasa dabara yake koyo ko buɗe fakiti yake bi, kuma a wannan zaman ne zai iya sa a kulle saye da kalmar sirri a shagon manhajoji. Lokacin da ya fi buƙatar sa ido shi ne bayan an kwashe albasa an sayar, da lokacin dawowar 'yan biɗa, domin a nan ne kuɗi yake zama a hannun samari.

Kashi na ƙarshe gajere ne, kuma na wanda ya ji duk wannan ne ya ce zai fara.

Ya zaɓi wasa ɗaya, daga shagon manhajoji na hukuma, ya gama darussan koyarwa da wasan yake bayarwa, domin a nan ake samun dami na farko kyauta. Ya ɗaura asusunsa a kan imel ɗinsa, ya rubuta kalmar sirri a takarda ya adana, saboda waya tana ɓata, tana kuma faɗawa rijiya. Ya yi wata guda cur bai sayi komai ba, ya tattara abin kyauta a kan gina dami ɗaya mai kyau maimakon ya warwatsa shi a kan biyar, ya kuma nemo shafin da ke nuna yawan fitowar katuna ya karanta shi kafin ranar da zuciyarsa za ta fara raya masa saye. Idan bayan watan ya ga zai kashe wani abu, ya yanka adadin tun yana cikin natsuwa, ya gaya wa wani amininsa, ya kuma ɗauke shi a matsayin kuɗin da ba zai dawo ba. Yawancin waɗannan wasanni suna da sashen karawa tsakanin abokai, wanda babu kuɗin shiga a cikinsa, kuma 'yan fada ɗaya suna iya shirya gasarsu da sharaɗin kowa ya zo da damin farko na kyauta, ta yadda mai jaka hamsin da wanda ba shi da ko dala za su fara da ƙarfi ɗaya, a rubuta sakamako a littafi, a tashi a lokacin da aka yi alkawari.

A nan shirin na yau ya tsaya.